Gayyar da Muka Kira a Waya

Na haura shekara arba'in kafin in iya rubuta sunana. A ajin yaƙi da jahilci na koya, a Kazaure, da yamma bayan na sauke kaskon ƙuli-ƙuli, muna zaune a kan bencin yara gwiwoyinmu suna dukan tebur. Shi ya sa duk abin da aka rubuta nake ganinsa da ƙima fiye da wanda aka faɗa da baki. Wanda ya tashi da biro a hannu ba zai gane ba, ni kuma ba na neman ya gane.

Gonar ta babanmu ce, a ƙauyenmu cikin ƙasar Roni. Ta faro daga gindin wani dutse ta gangaro har bakin hanyar shanu. Da aka raba gado ita ta faɗo mini. Lokacin ina gidan miji a Kazaure da goyo a baya, mijin nawa kuwa direba ne, bai san ta ina ake riƙe fartanya ba. Sai Yayana ya ce zai riƙa noma ta kada ta mutu. Na ce to. Shekaru suka ja, mijina ya rasu, 'ya'ya suka watse, mazan suna neman abinci a Kano da kudu, matan suna ɗakunansu. Saura ni da autata.

Ranar da na je wa Yaya da maganar ina son gonata, kallona ya yi kamar na ce ya tuɓe riga a tsakiyar kasuwa.

"Ke da wa za ku noma ta?"

"Wannan ba damuwarka ba ce, Yaya."

"Damuwata ce. Ƙasar ubana ba za ta zama makiyayar awaki ina da rai ba."

Muka yi sama-sama har maganar ta kai gaban mai unguwa. Dattijo ne marar son hayaniya. Ya ce gona tawa ce, wannan babu musu, amma tsoron Yaya ma ba shirme ba ne. A ba ni damina guda. Idan gero ya kai ƙugu shi da kansa zai zo ya zaga. In ya tarar da gona nomammiya, magana ta ƙare, tawa ce in yi yadda na so. In kuwa ciyawa ya tarar, ta koma hannun Yaya ya ci gaba da riƙo. Na ce na yarda, tun kafin in tsaya in tambayi kaina wa nake da shi.

Auta nake da ita. Ta gama difloma a nan Kazaure, ta kai takardu duk inda ake kaiwa, shiru. Tana zaune a gida tana taya ni gyaran gyaɗa, sauran lokacin kuma kanta yana cikin waya. Ba hira da samari take ba, da shi ne ma da na san abin da zan yi. Wani gem ne na noma. Gona ce a ciki sharr, da masara da tumatir da kaji da wata saniya mai dabbare-dabbare. Sai ta danna ta shuka, agogo ya riƙa tafiya, in ya cika ta danna ta girbe. Ko muna tsakiyar magana sai ta ce, "Inna, tsaya, masarata ta nuna."

"Ke, wannan masarar taki a wace tukunya za a dafa ta?"

"Ba ta ci ba ce, Inna, ta koyo ce."

"To ni cikina bai san koyo ba."

Sau ɗaya ta ba ni na taɓa. Rubutun cikin da Turanci ne, ni kuwa Hausa na karanta, sai ta riƙe mini yatsa na danna saniyar, nono ya cika bokiti. Na ce saniyar da ba ta harbi, ba ta kashi, ba a kai ta kiwo, wannan ai aljana ce. Na miƙa mata wayarta.

Da na dawo daga wurin mai unguwa na gaya mata yadda aka yi, ban rufe baki ba ta ce, "Za mu noma ta." Na tambaye ta ko da yatsa za ta noma ta. Washegari na tarar da ita a garken awakina tana tattara kashi a buhu. Ta ce a gem ɗinta ba a zubar da komai, abin da dabba ta fitar gona ake kai wa. Kowane ɗan ƙauye ya san wannan tun yana tsirara. Amma ita ba 'yar ƙauye ba ce, kuma ni uwarta ban taɓa gaya mata ba. Gaskiya ɗaya ce, a wayar ta gani.

Da sama ta fara haɗa hadari muka rufe gida muka koma ƙauye. Muka sauka a ɗakin Goggo, ƙanwar babanmu, tsohuwa ce da idonta ya yi rauni amma kunnenta yana jin abin da ake faɗa a gida na uku. Ruwan shuka ya sauka, muka fita mu biyu. Ina sara da sungumi, Auta tana bina tana zuba iri tana rufewa da diddige. Da ta ce a ba ta sungumin ta gwada, kafin rana ta take tafin hannunta ya ɗuri ruwa ya fashe. Ta zauna a gindin dutse tana hura hannu, ido ya kawo ƙwalla.

"Danna mana," na ce mata.

"Inna, don Allah."

"A'a, ki danna ramin ya haƙu, mu tafi gida."

Ta yi dariya tana kuka, ta yage bakin ɗankwalinta ta ɗaure hannun, ta tashi. Wannan ban san inda ta samo shi ba.

Abu ɗaya zan shaide ta da shi. Tun da muka yi shuka, gari bai taɓa wayewa ba ta je gonar nan ba. Ko babu aikin yi sai ta je ta zaga ta dawo. Ta saba da leƙa gonarta ta waya da zarar ta buɗe ido, sai ta mayar da sabon a kan ta gaske. Ita ta fara ganin inda zabbin wani suka tone iri muka sake zubawa. Ita ta ga inda ruwan dutse yake yanko ƙasa muka jera duwatsu muka tare. Kuma kullum tana da abin da ke gaba: yau kaza, in an gama sai kaza. Ni a tashin da na yi, aiki yana zuwa ne ka tare shi. Ita tana hango shi tun daga nesa.

Gero ya tsiro, ciyawa ta tsiro tare da shi, ta kuma fi shi sauri. Noman farko ba aikin mace biyu ba ne a gona irin wannan. Mun gwada. Kafin mu gama gefe guda, inda muka faro ya sake yin kore. Na ce sai gayya.

Ga wanda bai sani ba, gayya ita ce a tara majiya ƙarfin gari rana guda su taru a gonarka su nome ta, kai kuma ka ciyar da su. Na san ta tun ina yarinya. Amma abin da na sani shi ne gindin murhu, mu ne masu tuka tuwo da kai ruwa. Yadda ake kiranta ban taɓa tsayawa na duba ba, kuma na bar ƙauyen tun da ƙuruciya.

Auta ta ce wannan mai sauƙi ne. A gem ɗinta idan aiki ya fi ƙarfinta akwai inda take dannawa ta nemi taimako, maƙwabtanta na ciki su gani su zo. Ta nuna mini wata mata daga wata ƙasa, ko fuskarta ba ta taɓa gani ba, ta shigo ta shayar mata da tumatir. Ta ce 'yan ƙauyenmu ma suna da guruf a waya, kusan kowane gida akwai mai ciki, nan ake sanar da suna da rasuwa. Mu rubuta a nan, kowa ya gani lokaci guda.

Maganar ta kwanta mini. Na ga ai rubutu ya fi a aika yaro ya je ya faɗi rabi ya manta rabi. Ni na tsara kalmomin da kaina, da sallama da gaisuwa ga manya da ƙanana, da ranar, da cewa akwai tuwo da fura. Na sa Auta ta rubuta, na karɓa na karanta a bayyane har sau biyu, na gyara mata wuri ɗaya. Raina fari tas. Ta tura.

Amsa ta riƙa shigowa kamar ruwan sama. Allah ya kai mu. Allah ya sanya alheri. Wasu suka turo hoton babban yatsa. Har daga wayar gidan Yaya aka rubuto Allah ya kai mu. Auta tana ƙirga su tana cewa, "Inna, kin gani? Mutanen nan za su yi mana yawa."

Ranar gayya tun da sassafe muka ɗora manyan tukwane na aro. Tuwon dawa miyar kuka, da man gyaɗana na Kazaure wanda ban yi masa ƙwauro ba. Muka dama fura a ƙwarya. Muka sa aka kai komai inuwar wata ƙirya a bakin gonar, muka zauna. Rana ta ɗaga. Muna hango mutane da fartanya a kafaɗa suna bin hanyar shanu, su ɗaga mana hannu, "Sannunku da aiki," su wuce gonakinsu. Rana ta take. Tuwo ya yi sanyi ya yi fata. Ko mutum ɗaya bai sako ƙafa cikin gonar ba.

Na kwaso tukwanen na raba tuwon gida-gida. Kwano mafi girma na aika gidan Yaya, don ya san ban mutu ba.

Goggo ce ta warware mana, tana zaune tana murza taba a leɓe.

"Wa kuka je wa?"

"Mun rubuta wa kowa, Goggo."

"Na ce wa kuka je wa. Da ƙafa."

Ta ce gayya ba sanarwar suna ba ce da kowa zai zo ya ci waina ya tafi. Ƙarfin mutum kake roƙo, ya bar tasa gonar ya zo taka. Wanda kake roƙon ƙarfinsa kuwa sai ya ga fuskarka a ƙofar gidansa da goro a hannu. Sannan mace ba ta kiran gayya da bakinta a garin nan. Babban gidansu ne yake kira mata. Babban gidanmu kuwa Yaya ne. Ta ce duk garin an san abin da ke tsakanina da shi, babu wanda zai shiga gonar nan da fartanya alhali mai gidan bai ce a shiga ba, gobe su haɗu a masallaci ya kalle shi da wane ido.

"To me ya sa suka ce Allah ya kai mu?" in ji Auta.

"To me kike so su ce, 'yar nan? Kada ya kai mu?"

Na ce wato in je in durƙusa wa mutumin da nake ƙwatar gonata daga hannunsa, in ce ya tara mini mutane su taya ni ƙwata? Na ce gara ciyawa ta cinye ta har dutsen. Na faɗi maganganu da yawa ranar, Goggo tana ta murza tabarta. Har yau ban ga abin da rubutun nan ya yi na rashin ladabi ba. Da sallama a ciki.

Auta ta bari na huce sannan ta ce, "Inna, ni zan je."

"Ba za ki je ba."

"A gem idan aka ce ba za a buɗe miki gaba ba sai kin yi abu kaza, ba fushi ake yi ba. Yi ake a wuce."

"Kawunki ba gem ba ne. Zai yi miki dariya a gaban mutane."

"Ya yi. Dariyar ba za ta hana gero fita ba. Ciyawar ce za ta hana."

Bayan la'asar ta sa hijabi, Goggo ta ƙulla mata goro a ganye. Maza suna zaune a kan tabarmi a gindin darbejiyar ƙofar gidan Yaya, inda suke zama kullum. Na bi ta daga nesa na laɓe a bayan wata danga. Ba roƙo ya kai ni ba. Na je ne in ji idan ya gaya mata baƙar magana in fito in rama.

Ta cire takalmi tun daga nesa, ta durƙusa a gefen tabarma.

"Kawu, barka da hutawa."

"Yauwa, 'yar boko. An ce kun yi gayya har tuwo ya yi saura."

Aka yi dariya. Ta bari aka gama.

"Ya yi saura, Kawu. Mun tsallake ka, ba mu kyauta ba. Ga goro. Na zo ka kira mana gayya a gonar kakana, ciyawa za ta kashe geron."

"Uwarki ce ta aiko ki?"

"Ni na kawo kaina. Ita tana bayan dangar can tana jin mu."

Wannan karon har da masu riƙe ciki. Na fito, tunda an riga an tona ni. Na gaida mutane kamar yadda ya kamata, na ce, "Ga ni nan, kuma ban roƙi kowa ba."

Yaya bai ko kalle ni ba. Ƙullin goron yake kallo a gabansa. Ya san abin da karɓarsa take nufi, kowa a wurin ya sani. In ya kira gayyar nan, gonar da ya riƙe shekara da shekaru ta fita hannunsa. In ya ƙi, ya mayar da 'yar ƙanwarsa da goronta a gaban jama'a, kuma geron da ke cikin ƙasar ubansa ya mutu da saninsa. Wani tsoho a ƙarshen tabarma ya ce a hankali, "Malam, yarinya tana durƙushe fa." Yaya ya ja numfashi, ya kwance ganyen, ya ɓare goro ɗaya ya jefa rabi a baki, ya tura sauran a raba.

"Jibi," ya ce. "Kuma a sa gishiri a miyar, wadda aka aiko mini salam take."

Jibin suka zo, matasa da magidanta, har da mai ganga. Suka jeru a bakin gona suka kama, ƙura tana tashi. Auta tana bin su da ƙwaryar ruwa suna tsokanarta.

"Hajiyar waya, danna mana ciyawar nan ta fita mu huta!"

"Cajina ya ƙare, sai dai ku."

Yaya ya zo ya tsaya a kan iyaka hannu a baya. Bai sara ko sau ɗaya ba, bai kuma tafi ba sai da aka tashi.

Amma an makara. Ƙasan gonar ya farfaɗo bayan ruwa ɗaya. Saman, wajen dutse inda ƙasa ba ta da zurfi, geron ya riga ya yi rawaya ya tsaya cak, noma bai tashe shi ba. Ni na ce a bar shi, abin da ya tafi ya tafi. Auta ta ce ba a barin fili haka, idan lokacin mai daɗewa ya wuce sai a sa mai saurin nuna. Ta tambayi Goggo me zai iya kaiwa kafin ruwa ya ɗauke. Goggo ta ce wake, ta kwance mana nata irin da ta adana cikin toka. Muka bi saman gonar muka shuka shi tsakanin geron da ya mutu.

Matan ajinmu na yamma, waɗanda 'ya'yansu da jikokinsu suke manne da irin wannan gem, sun sha tambayata ko yana koya musu wani abu. Abin da nake gaya musu shi ne abin da na gani. Bai koya wa Auta riƙon sungumi ba, bai koya mata gane hadarin da zai zubar da wanda zai wuce ba. A kan neman taimako kuwa ƙarya ya koya mata, don a can mutane suna zuwa ne ba tare da sun bar komai nasu ba. Zuwa gona kullum da tsara aiki, wannan daga can ta ɗauko, ban hana shi ba. Durƙusawar nan ce ban sani ba. Ita ta ce gem ne. Ni ina ganin halin ubanta ne, mutum ne da za a zage shi a tasha ya ce a sauka lafiya. Abin da na tabbata shi ne ba daga wurina ta gado ba.

Da gero ya kai ƙugu mai unguwa ya zo kamar yadda ya ce, da sandarsa, Yaya yana biye. Suka faro daga hanyar shanu suna haurawa, mu muna bayansu. Ƙasan gonar babu abin cewa. Da aka kai saman, Yaya ya tsaya ya nuna da baki.

"Ranka ya daɗe, nan fa? Ina geron?"

Mai unguwa ya dafa sanda ya tsuguna, ya ɗaga wani ganye da yatsa, ya bi layin da ido har gindin dutse.

"Gero babu," ya ce. "Amma wannan ba ciyawa ba ce, wake ne. Ni nomammiyar gona na ce, ban ce ta gero ba." Ya miƙe ya kakkaɓe riga. "Magana ta ƙare. Allah ya sa albarka."

Yaya ya daɗe tsaye yana kallon waken. Sannan ya juya wajen Auta, ya ce mata awakin unguwar gabas ta bayan dutsen nan suke zagayowa, in ba ta sa ƙaya a tsagin can ba ko kwanon wake ba za ta ɗauka ba. Ta ce to, Kawu. Har yanzu gaisuwa ce kawai tsakanina da Yaya, a wurin suna ko ta'aziyya.

Gonar tana hannunmu. Bana gyaɗa muka sa a saman.